Ba Kowane Guntun Ƙashi Ne Karaya Ba

A ƙasar Gobir ƙafa ita ce motar talaka. Da ita manomi yake gangara fadamar Rima a Sabon Birni, da ita mai kayan lambu yake haye Bunsuru ya shiga kasuwar Isa, da ita kuma 'ya'yanmu suke zuwa makaranta su komo. Ran da ƙafa ta ƙi taka ƙasa, ran nan aikin gida duka ya tsaya. Shi ya sa in yaro ya gurɗe a filin ƙwallo, ko magidanci ya faɗo daga kan babur idon sawunsa ya kumbura, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: karaya ce ko targaɗe?

A zamanin kakanninmu hannun maɗori kaɗai yake ba da amsa. Yanzu kuwa ga hoton ƙashi, wanda ake kira eksire. Amma shi ma hoton ya zo da nasa ruɗani. Uba ya karɓi hoton ɗansa, ya ɗaga shi a hasken rana, ya ga wani ɗan guntun ƙashi a ware gefe guda, sai hankalinsa ya tashi, ya ce ai ƙashi ya ɓalle. Sau da yawa kuwa ba abin da ya ɓalle, da guntun nan aka halicci yaron. A wannan wata muna so mu tattauna wannan al'amari da ku, ya ku iyaye, domin kada a ɗaure ƙafar da ba ta karye ba, kada kuma a ƙyale wadda ta karye.

Yadda hoton yake fitowa

Wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen shi ne ya gano wannan haske a ran 8 ga Nuwamba 1895, a garin Wurzburg. Kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwan suka fito sarai, har da zoben da ke yatsanta. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel saboda wannan aiki.

Hasken nan ido ba ya ganinsa. Yana ratsa fata da tsoka da sauƙi, amma ƙashi yana tare shi, gama ƙashi cike yake da sinadarin kalsiyam. Saboda haka inda ƙashi yake sai ya fito fari, inda nama yake ya fito dishi-dishi. Watau hoton ƙashi inuwa ce, ba kamar hoton fuska ba. Mun kuwa san halin inuwa. Mutum biyu in suka tsaya ɗaya a bayan ɗaya, inuwarsu takan zama guda. Don haka ne mai ɗaukar hoto yakan juya ƙafar sau biyu ko uku, ya ɗauka ta gaba, ta gefe, da kuma a karkace. Kada mu ce yana neman ƙarin kuɗi ne. Abin da ya ɓuya ta wannan fuska yakan bayyana ta waccan.

Abu ɗaya da ya kamata mu riƙe shi ne, guringuntsi ba ya fitowa a wannan hoto, jijiyoyi ma haka. Za mu komo kan wannan in mun zo maganar yara.

Ginin ƙafa

Littattafan makaranta suna koya mana cewa babban mutum yana da ƙashi 206 a jikinsa. A kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa ƙasa, akwai 26: bakwai a diddige da gadon ƙafa, biyar dogaye a tsakiya, 14 a yatsu. Ƙafa biyu 52 ke nan, wajen rubu'in ƙasusuwan jiki duka.

Wannan lissafi gaskiya ne, amma na yawancin mutane ne, ba na kowa da kowa ba. Dukanmu mun san cindo, yatsa na shida da ake haifar wasu yara da shi. Ba wanda yake cewa hannun mai cindo ya karye. To, irin wannan bambanci akwai shi a ciki ma, inda ido ba ya kaiwa. Mutane da yawa ƙaramin yatsan ƙafarsu gaɓa biyu gare shi maimakon uku, ba su kuwa sani ba har su tsufa. Mu da muka saba tsugunno tun muna yara, akan sami wani ɗan shafaffen wuri a gaban ƙashin idon sawunmu, wanda ba a cika samu a ƙafar waɗanda suka tashi a kan kujera ba. Haka kuma akwai waɗanda suke da 'yan ƙananan ƙasusuwa na ƙari. Bari mu ambaci huɗu da aka fi cin karo da su.

Na fari yana gefen ciki na ƙafa, ƙasa kaɗan da idon sawu, wajen da tafin ƙafa yake lanƙwasa. A nan akwai ƙashin da likitoci suke kira nabikula, wai don ya yi kama da ɗan kwalekwale. Wajen mutum ɗaya cikin goma yana da wani ɗan ƙari a jikin wannan ƙashi. Masana sun san da shi tun 1605, kusan shekara 300 kafin a sami hoton ƙashi. Yawancin masu shi ba ya damunsu. Amma wasu yara, musamman 'yan mata, in sun kai shekara 10 zuwa 15 sai wurin ya yi tudu, takalmin makaranta ya riƙa gugarsa, ya yi zafi bayan doguwar tafiya.

Na biyu yana bayan idon sawu, a gaban agara. Da Latinanci ana ce masa os trigonum, watau mai kusurwa uku. Yakan fara bayyana a hoto tsakanin shekara 7 da 13, galibi kuma ya manne da babban ƙashin da ke kusa da shi. A wasu mutane sai ya ƙi mannewa, ya zauna shi kaɗai har abada. 'Yan ƙwallo ne suka fi jin ciwonsa, gama duk sa'ad da aka miƙe ƙafa ƙasa da ƙarfi don a buga ƙwallo, sai ya matsu tsakanin ƙasusuwa biyu.

Na uku yana gefen waje na ƙafa, a cikin wata jijiya da take zagayowa ta ƙarƙashin tafin sawu. Ƙarami ne kamar ƙwayar gero ko ta wake.

Na huɗu yana ƙarƙashin gindin babban yatsa. Kusan kowa yana da 'yan ƙasusuwa biyu a nan masu kama da ƙwayar riɗi, daga sunan riɗi ma likitoci suka samo sunansu. A wasu mutane ɗaya daga cikinsu rabe yake biyu tun asali, har in ka gan shi a hoto ka rantse tsagewa ya yi.

Yadda likita yake rarrabewa

Matan gida za su fi kowa gane wannan. In ƙwarya ta fashe, bakin sakaina yakan yi kaifi da cako-cako, in kuma ka haɗa guntayen sai su koma wurinsu daidai. Dutsen da ruwan gulbi ya daɗe yana wankewa kuwa sumul yake ta ko'ina, ba shi da wani ɗan'uwa da ya ɓalle daga jikinsa. Sabuwar karaya kamar sakaina take. Ƙashin ƙari kamar dutsen gulbi yake, gefensa a zagaye, da farin layi mai kauri kewaye da shi.

Bayan wannan likita ya san mazaunin kowane ƙashin ƙari, gama ba a ko'ina suke fitowa ba, kowanne da wurinsa. Sa'an nan yakan sa yatsa ya danna. In zafin yana gefen waje, guntun kuwa yana gefen ciki, to guntun ba shi da laifi. In har yanzu da shakka, yakan ce a ɗauki hoton ɗaya ƙafar mai lafiya, domin sau da yawa abin yana ƙafa biyu. A manyan asibitoci akwai na'urorin siti da emarai, masu nuna ƙashi yanka-yanka, ta biyun ma har tana nuna jijiya da kumburin cikin ƙashi. Amma ba kowane ciwo yake bukatarsu ba.

Kun ga ke nan hoto shi kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa shi da hannun likita da labarin yadda abin ya faru. Wanda ya karanta hoto bai taɓa ƙafar ba, rabin aiki ya yi.

Ƙafar yaro ba ta babba ba ce

A nan ne ruɗani ya fi yawa, mu malaman makaranta kuwa muna ganin faɗuwar yara kusan kowane mako. Jariri ana haifarsa da ƙafar da yawancinta guringuntsi ne. Cikin ƙasusuwa bakwai na diddige da gadon ƙafa, biyu ko uku kaɗai suke fitowa a hoto ran haihuwa. Nabikula shi ne na ƙarshe, sai yaro ya kai wajen shekara 3. Don haka hoton ƙafar ƙaramin yaro yakan yi kamar tsakuwa da aka watsa, alhali kome lafiya.

A bakin kowane dogon ƙashi na yaro kuma akwai wani siririn faifai na guringuntsi, daga nan ƙashin yake ƙara tsawo. A hoto yakan fito kamar baƙin layi da ya raba ƙashin biyu. Ba ya rufewa sai yarinya ta kai wajen shekara 14 zuwa 16, yaro namiji kuwa 16 zuwa 18.

A ce yaro ɗan shekara 12 ya gurɗe a wajen wasa, aka ɗauki hoto, aka ga wani ɗan ɓawon ƙashi a gefen waje na ƙafa, a gindin dogon ƙashin da ke bin ƙaramin yatsa. Wannan ɓawo yana fitowa a wannan shekaru, daga baya ya manne. Layinsa yana bin tsawon ƙashin ne. Layin karaya kuwa a wannan wuri gicciye yake yi. Wurin yana karyewa da gaske, har wani likitan ƙashi na Birtaniya, Robert Jones, ya karya nasa a wajen rawa, ya rubuta labarin a 1902, sunansa kuma ya bi irin wannan karaya har yau. Haka nan a bayan diddigen yaro akan ga wani farin ɓalli a ware, wanda shi ma wurin girma ne. Yara masu yawan guje-guje tsakanin shekara 8 da 14 sukan yi kukan ciwon diddige a wurin, hutu kuwa yakan warkar da shi.

Amma a lura da kyau, gama maganar tana da baki biyu. Faifan girman nan ya fi jijiyoyin yaro rauni. Gurɗewar da za ta zama targaɗe ga babba, ga yaro takan zama karaya a kan faifan, wani lokaci kuma hoto ba ya nuna ta. In aka yi ta ja da murzawa a wurin, ƙafar tana iya girma a karkace ko ta gajarce. Haka kuma akwai siririyar tsagewa da take samun mai doguwar tafiya, wadda ba ta fitowa a hoto sai bayan mako biyu ko uku. Don haka in likita ya ce hoto bai nuna kome ba amma a sa filasta, ko a komo bayan kwana goma, a bi maganarsa.

Yaushe ya kamata a kama hanya?

Wannan tambaya tana da nauyi a wurinmu fiye da wurin mazauna birni. Tun wajen 2019 hanyoyin yankin nan suka zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, dubban mutanenmu suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. Ba mu manta da motar fasinja da aka ƙone tsakanin Sabon Birni da Isa a watan Disamba 2021 ba. Uban da zai ɗauki ɗansa zuwa Sakkwato ta Goronyo, ko Gusau ta Shinkafi, sai ya auna kuɗin mota, da kwanakin gona, da hatsarin hanya. Bai kamata ya yi wannan tafiya a banza ba, bai kuma kamata ya fasa ta in ta zama dole ba.

A 1992 likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi don sanin wanda yake bukatar hoto, ana kuwa aiki da ita a ƙasashe da yawa. Ga ta a taƙaice. A nemi hoto in mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko da ɗingishi ne. A nemi hoto in an danna ƙashin idon sawu, na ciki ko na waje, a bakinsa ko a gefensa na baya har santimita 6 zuwa sama, ya ji zafi a kan ƙashin kansa. A nemi hoto in zafin yana kan nabikula, ko kan gindin ƙashin da ke bin ƙaramin yatsa. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, da wuya a ce karaya ce.

Ƙa'idar ta manya ce da yaran da suka yi wayo. Ba ta aiki ga wanda ƙafarsa ta mutu ba ya jin zafi, kamar mai ciwon sukari da ya daɗe, ko wanda kuturta ta taɓa. Waɗannan a kai su ko da ba su yi kuka ba. In kuma ƙafar ta karkace a fili, ko ƙashi ya huda fata, ba sauran jira. Haka nan kumburin da ya zo ba faɗuwa, ga zazzaɓi, musamman ga yaro mai sikila, wannan ba aikin ɗori ba ne, na asibiti ne.

A fara da babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, su za su faɗa in akwai bukatar wucewa gaba. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙashi na Wamakko. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. A hayin iyaka kuma, tsakanin Madawa da Birnin Ƙonni, ga asibitin mishan na Galmi, wanda SIM ta buɗe a 1950.

In targaɗe ne kawai, a huta, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a riƙa ɗora tsumma mai ruwan randa, a naɗa bandeji sako-sako. Bayan 'yan kwanaki a fara takawa a hankali.

Maganar maɗora

Ba mu raina maɗora ba. Sana'ar gado ce, maƙwabtanmu ne, suna kusa, ba sa tsawwala kuɗi, mutane da yawa kuma sun miƙe a hannunsu. Amma hannu, kome gwanintarsa, ba ya gani cikin nama. Tudun nabikula da yarinya ta girma da shi, in aka ɗauka gocewa ce aka yi ta dannawa don ya koma, ciwo za a ƙara mata, gama ba inda zai koma. Wanda ya fi wannan muni shi ne ɗauri mai tsanani. In aka jera kara aka tamke ƙafar da take kan kumbura, jini yakan tsaya, nama ya mutu cikin 'yan sa'o'i. Likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha yanke hannu ko ƙafar yara saboda wannan, wani lokaci a kan ciwon da hutu kaɗai zai warkar.

Saboda haka duk wanda aka yi wa ɗori, ko aka sa wa filasta a asibiti ma, a riƙa duba yatsunsa dare da rana. In zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, in yatsu sun yi sanyi, ko sun kumbura, ko sun sake launi, ko ba ya jinsu, ko ya kasa motsa su, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti. Kada a ce a jira gari ya waye, kada kuma a ce wa yaro ya yi jarumtaka ya daure.

Abin da za mu yi a gida da ikilisiya

In an ba ku hoto, ku tambaya. Ba rashin kunya ba ne uba ya ce, "Ranka ya daɗe, Likita, wannan guntun sabo ne, ko da shi aka haife shi?" Ku roƙa a rubuta amsar a kati. Ku ajiye hoton a cikin ambulan ɗinsa, a shimfiɗe, nesa da rana da laima, ku rubuta suna da kwanan wata. In a waya aka turo muku, ku tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye. Wanda ya san yana da ƙashin ƙari, ya faɗa wa duk wanda zai taɓa ƙafarsa nan gaba. Hasken hoton ƙafa kaɗan ne ƙwarai, ba abin tsoro ba ne, sai dai mace mai ciki ta faɗa kafin a ɗauka. Yarinya mai ciwon tudun nabikula kuwa, yawanci takalmi mai faɗi, da ɗan abu mai laushi a ciki, da hutu sun isa. Kaɗan ne ake yi wa aiki.

A cikin Littafin Sama'ila na biyu mun karanta labarin Mefiboshet ɗan Jonatan. Yana ɗan shekara 5 labarin yaƙi ya zo, mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi, ya gurgunce ƙafa biyu. Wannan labari ba baƙo ba ne ga ƙauyukanmu, inda uwaye suka sha gudu da dare da yara a baya. Sarki Dawuda ya neme shi bayan shekaru, ya ba shi wuri a teburinsa. Mu ma akwai abin da za mu iya. Zumuntar mata ko ta matasa tana iya ajiye ɗan asusu don kuɗin mota da na hoto, a taimaki duk wanda ya rasa, ko namu ne ko maƙwabcinmu Musulmi. Yaron da ƙafarsa ta riga ta lalace, kada a bar shi a gida, a kawo shi makaranta a ba shi wurin zama a gaba.

Ubangiji da ya siffata mu bai zuba ƙafafunmu a ma'auni ɗaya ba. Ya ba wani ƙashi 26, ya ƙara wa wani ɗaya ko biyu, dukansu kuwa aikin hannunsa ne. Shi ne kuma ya ba mutum basirar gano hasken da ke nuna su. Bari mu yi amfani da wannan baiwa da hankali, mu yi tambaya kafin mu ɗaure, mu kuma hanzarta in alamun hatsari sun bayyana. Allah ya kiyaye sawayen 'ya'yanmu, ya maido da salama a ƙasar Gobir. Amin.